Garin da Ke Cikin Randa

Tun da aka kafa dokar hana ruwa ga duk garin da babu sunansa a na'ura, Inna Tabawa ba ta ƙara hutawa ba. Ita kaɗai ta rage a ma'ajiyar jiha da ta iya karanta tsofaffin kaset na ajiyar bayanai. Cikin randuna take adana su saboda zafi, 'yan ofis suna yi mata dariya.

Da hantsi Mai unguwa Barau ya shigo, leɓɓansa a bushe.

"Inna, kwana huɗu famfonmu bai ɗiga ba. Wai babu Tsamiyar Dogo a duniya."

"Yaushe rabonku da ganin sunanku a takarda?"

"Shekarar da gada ta karye."

Ba ta duba wani littafi ba. Ta nufi randa ta bakwai, ta zaro kaset mai rubutun hannunta, ta zura a inji. Ya yi ta gurnani kusan awa guda. Ta buga umarnin da yatsunta suka haddace shekara talatin, sai ga sunan garin, har da unguwanninsa.

A ƙarƙashinsa akwai garuruwa goma sha ɗaya da suka ɓace a rana ɗaya da shi. Babu wanda ya taɓa zuwa nemansu.

Aka bugo wa Barau waya daga gida cewa ruwa ya zo. Ya durƙusa yana godiya.

"Tashi, Mai unguwa," in ji ta, tana gyara tabarau. "Matsa min, ban gama ba. Da sauran sha ɗaya."