Faifan Da Ke Jiran Suna

Da hantsi ana yayyafi, Inna Delu ta kawo wa Sallau mai gyara faifan muryar marigayi mijinta. A sabuwar doka, inji ba ya karɓar tsohon faifai sai iyali sun ambaci sunan mai shi, in ba haka ba sai ya goge shi.

"Inna, faɗi sunansa kawai."

"Haba ɗan nan! Shekara arba'in ban kama sunansa ba, sai yau?"

Sallau ya daɗe yana taɓa cikin injin. "To, kira shi yadda kika saba."

"Malam."

"Na'am, Delu," in ji faifan. "Wane ne kusa da ke?"

Sallau ya sakar musu labulen rumfar, ya fita. Ko waiwayowa ba ta yi ba.