Gilashin Hular Kwano

Ƙanin mijinta ne ya kawo mata hular kwanon, bayan an dawo daga maƙabarta.

"Matar Yaya, hular nan kaɗai ta tsira daga babur ɗin. Direban tipar da ta buge shi ya rantse ya yi ta hon a hanyar Gubi, amma Yaya ya nufo shi cikin ruwan nan kamar makaho."

Makaho? Mutumin da duk damina sai ya shafa wa gilashin hular wani mai na 'yar kwalba, ya yayyafa ruwa, ya kira ta: "Zo ki gani! Ko ɗigo ba ya zama, gangarewa yake."

Da safen nan ta ga wani maiƙo-maiƙo a gilashin. Ita da ba ta ƙaunar ƙazanta, ta sa sabulu da soso ta dirje shi tas, yana wanka. Har albarka ya sa mata.

Ta ɗora hular a cinya. Ɗigon hawaye ya faɗa kan gilashin, ta jira ya gangare.

Bai gangare ba. Ya baje, ya zauna, har ta daina ganin cikin hular.