Farin Sa na Gindin Dalbejiya

Ka ce cika katin nan aikin 'yan ofis ne, kai dabba ka zo dubawa. To, zauna ka ji.

An yi wani likitan dabbobi a wani ƙauye na bakin daji, wanda ya shekara ashirin da wani abu yana aikin, har ta kai tun yana kan babur yake faɗin ciwon saniya. Yana da ido, ba a ƙi ba, kuma idon ne ya ɓata shi, don mutum in aka cika yaba masa ido sai hannunsa ya mutu. Ma'aunin zafin jiki ya daɗe da komawa ƙasan jaka, tare da jan allin da ake shata wa dabbar da aka yi wa allura. Katin asibiti kuwa, mai gurbin ƙaho da kunne da jela da tabon jiki, kalma biyu yake jefa masa ya wuce. In aka yi magana sai ya daki goshi ya ce littafinsa na nan.

Saura kamar wata ɗaya ruwa ya sauka, wani manomi ya kira shi. Shanun huɗarsa biyu ne suka rame, farare fat, kama kamar an tsaga kara. Su ne garmarsa, su ne amalankensa, su ne tuwon mutum tara da ke gidan. Likita ya ga gashi a tashe, ido na zubar da ruwa, ya ce sammore ne, kuma bai yi kuskure ba. Sai dai allurar da ta rage masa ta sa ɗaya ce, ga ta da ƙarfi, ba a maimaita wa dabbar da jikinta ya yi laushi sai an ɗau lokaci. Ya yi wa wanda ke ɗaure a rana kusa da rumbu, ya ce gobe zai kawo ta ɗayan. A kati ya rubuta “farin sa ɗaya”, a ransa kuma ya ajiye cewa saura na gindin dalbejiya.

Bayan tafiyarsa manomin ya ga wanda ya sha allura yana haki cikin rana, tausayi ya kama shi, ya sauya musu turke. Washegari aka yi rasuwa a garin surukansa, ya yi sammako. Da likita ya yi sallama, matar gidan ce ta amsa daga bayan zana.

“Sannu da zuwa, likita. Maigida bai bar min sallahu ba, ko za ka jira shi?”

“Haba uwargida, ni ne ban san majinyatana ba?”

Da ya shafa wuyan san da ke gindin dalbejiya da tafin hannu, da ya ji kumburin jiya. Bai shafa ba. Ya nufi gindin dalbejiya kai tsaye, ya danna allura, ya ƙara layi a kati: “An yi wa duka biyu.” Kafin la'asar san ya fara makyarkyata, dalala na zuba, ya faɗi. Kafin a nemo mai sa wuƙa ya zama mushe, fata kaɗai mahaucin garin ya feɗe. Likita ya ce ciwon ne ya riga ya ci ƙarfinsa. Manomi ya ce haka Allah ya so, har godiya ya yi masa.

Ɗayan kuwa ya ci gaba da zubewa. Sau biyu manomin yana takawa har asibiti, sau biyu likita yana jawo kati ya nuna masa da yatsa, ya ce an yi masa, maimaitawa haɗari ne, magani a hankali yake aiki. Ya gaskata rubutunsa, ko leƙawa bai je ya yi ba. A sati na huɗu san ya kwanta bai tashi ba, aka yanka shi. Ranar ce likita ya zo, ya tarar mahauci tsugune a kan fata yana jujjuya naman wuya.

“Likita, abin mamaki,” in ji mahaucin. “Wancan da na feɗe, kullutun allura biyu na gani a wuyansa, dab da juna. Wannan kuwa na duba dama na duba hagu, ko huda babu.”

Likita ya sunkuyar da kai. Ya so a zage shi, ko a ci kwalarsa, da ya fi masa sauƙi. Manomin dai ya dube shi, ya ce a hankali, “Ashe wannan har ya mutu jiranka yake yi.”

A satin nan ruwan shuka ya sauka. Hanyar asibiti ta bakin gonar mutumin ta bi, saboda haka kullum likita sai ya gan shi da iyalinsa sun duƙa da fartanya a kusurwa ɗaya, sauran gonar ciyawa ta cinye. Abin da suka girbe bai kai su tsakiyar rani ba. Manomi ya toshe ƙofar gidansa da ƙaya, ya kwashi mutum tara zuwa birni cin rani, ba su dawo ba. Likita ya fito da ma'auni da alli, ya koma cika kowane gurbi har da karkatar ƙaho, amma kunya da nadama ba su sake shi ba har ya bar aiki. Shafa ɗaya a wuyan sa ya raina, da jan alli ɗaya, da rabin layi a kati. Shi ya sa Hausawa suka ce hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.