Numfashin Fatar Jar Akuya

Dakta Lirwanu ya haramta tari a ɗakin bincikensa na Boɗinga. Takalmi a waje ake barinsa. Bango da tagogi kuwa ya lulluɓe su da soson katifa, har ko jaki ya yi kuka a gindin taga ba za a ji ba.

Yana da hujja. Na'urarsa tana da ɗan harshe da bai kai kaurin gashi ba, mai tsini a baki, wanda ke lalubar saman abu kamar makaho da sandarsa. In harshen ya lanƙwasa, ko da kashi ɗaya cikin biliyan na mita ne, haske ya nuna, kwamfuta ta zana. Da haka yake auna taurin fatar jar akuya da majema suka jeme a Shagari.

Hukumar makaranta ta ba shi wata shida: ko ya fito da sabon abu, ko a mayar da na'urar Sakkwato.

A wata na huɗu Allah ya kawo. Da hantsi layin da ke kwance a allon ya soma tsalle: sama, ƙasa, sama, ƙasa, ba kuskure. Dab da azahar ya lafa. Lirwanu ya sha furar da Hajjo, maƙwabciyarsu ta bayan katanga, take aiko masa kullum. Washegari haka, jibi haka.

Ya sauya harshen, ya sauya fatar, tsallen bai fasa ba. Ya rubuta shafi arba'in, ya tabbatar wa duniya cewa fatar jar akuya tana numfashi da hantsi.

Sau ɗaya abin ya ɗauke, kwana uku cur. Makon nan bai yi masa daɗi ba ko kaɗan: ga layi kwance kamar gawa, ga Hajjo ta tafi suna Kajiji, ko furar da zai jiƙa maƙoshi babu. Ran na huɗu komai ya daidaita.

Ranar hukunci aka turo Farfesa Daso, tsohuwa mai tsauri, haifaffiyar Mandera, da tawagar mutum goma sha biyu. Tun jajibiri Lirwanu ya aika wa Hajjo cewa baƙi na tafe, a ninka fura.

Fatar kuwa ba ta ba shi kunya ba. Bai taɓa ganin ta yi numfashi irin na ranar ba, bi da bi, har sau uku a inda ta saba ɗaya.

"Ranki shi daɗe, ga shi nan," in ji shi, yana gyara hula. "Yau ma awa ta san da zuwanku."

Farfesa ta sa tabarau, ta daɗe tana kallon allon. Can yatsanta ya fara ƙwanƙwasa gwiwarta, kanta na ɗan kaɗawa. Ta zare safa, ta ɗora tafin ƙafarta a kan siminti.

"Lirwanu, ka taɓa shiga madahi?"

"A'a, ranki shi daɗe."

"Na gani. Ka toshe iska, ka mance ƙasa." Ta nuna allon da sandarta. "Wanga lugude na, ɗana. Mata ukku ka dakan hura bayan katangarka, kuma ta tsakiya ta gaji."