Akwatin Bayan Katifu

"Akwatin kika zo ɗauka ko?" mijin ƙawata ya tambaye ni, tun ban gama kunna turare a gaban hotonta ba.

Alkawari muka yi da marigayiyar tun muna 'yan mata: duk wadda ta riga mutuwa, ɗayar ta kwashe littattafanta kafin dangi su gani. Labaran soyayyar namiji da namiji take zanawa, muna sayarwa a kasuwar masu zane ta Tokyo da sunan aro. Mijinta kuwa, in ji ta, jarida kaɗai yake karantawa.

"Wane akwati?" na ce.

"Haba ke kuwa. Na bayan katifu."

Ya zuba mini koren shayi, ya ɗauko ɗaya daga cikin littattafanta ya buɗe, ya nuna mini zanen wasu maza biyu.

"Mai tabaran nan ni ne, ko kunnuwan ba ta rage mini ba. Dogon kuma abokina ne na jami'a, wanda na daina ambato tun ranar aurenmu. Ban taɓa gaya mata ba, ita ma ba ta taɓa tambaya ba. Amma a kowane littafi sai ta bar ni da shi mu tsufa tare."

Ya rufe littafin.

"Sha shayinki. Akwatin nan ba inda za shi."