Yatsan Hajiya Tabawa

Tun da aka kafa dokar jagora, ba mai samun aiki sai wani tsohon ma'aikaci ya sa kai ya riƙa zama da shi, yana dangwala masa yatsa a awarwaron na'ura da ke hannunsa, shaidar sun zauna. In aka saɓa alƙawarin zama, mai neman aikin ne da laifi, don ba a hukunta ɗan sa kai.

Awarwaron Shamsiyya ya riga ya yi ja, alamar wa'adinta ya kusa cika. Yau ne zamanta na ƙarshe da jagorarta, tsohuwar ungozoma Hajiya Tabawa, ga shi har hantsi ya yi Hajiya ba ta iso asibitin ba. Shamsiyya ta tattare zani ta nufi gidanta a guje.

A ƙofar gida ta ga maza zaune bisa tabarmi, ga makara a jingine. Ta kutsa ciki, ta zube gaban babbar 'yar Hajiya.

"Anti, don girman Allah, kafin a yi mata wanka. Yatsanta kawai. In rana ta faɗi an goge sunana, ni da aikin ungozoma har abada."

"Ke ba ki da imani? Uwata ce fa kwance!"

"Na sani, Anti. Allah Ya ji ƙanta. Amma ki taimake ni."

Matar ta share hawaye da gefen mayafi, ta sassauta murya.

"Wata ta riga ki zuwa, mun gwada mata. Abin ba ya karɓar hannun da ya yi sanyi."