Amaryar da Ba Ta Iya Girki Ba

Malam Datti ya ture kwanon kunu, ya juya fuska bango. Tun da aka yi masa aikin ciwon daji a maƙogwaro, loma ta zama abokiyar gabarsa: ya haɗiya ta tsaya masa a ƙirji, ya ci da yawa ta dawo. Mutumin da ya yi shekara talatin yana kuku a gidajen manya a unguwar Rayfield, yau shi ake bi da cokalin shayi. Ya ce shi ba jariri ba ne, ya daina ci.

Likita kuwa bai ɓoye masa ba: in ya dawo wata mai zuwa sikeli bai motsa ba, za a mayar masa da robar abinci ta hanci. Duk duniya ba abin da Datti ya tsana kamar robar nan. 'Yarsa Rahma ta yi lallashi, ta yi kuka, tsoho ya kafe.

Ana cikin haka Rahma ta shigo da wata ƙawarta daga unguwar Gada Biyu, Loyis, ƙawar tana ta sunkuyar da kai. Wai aure za ta yi, ga shi ko ruwa ta ɗora sai ya ƙone, uwar mijin kuma ba ta da sauƙi.

"Baba, ka taimake ni, kada in ji kunya a gidan mutane," in ji Loyis.

Ta miƙa masa gwaten acca a ɗan kwanon da bai fi tafin hannu ba. Mai hali ba ya fasa halinsa. Datti ya ɗanɗana, ya yamutsa fuska.

"Ke, gishiri tsada yake yi a unguwarku?"

Ta barbaɗa kaɗan, ya sake ɗanɗanawa. Bai ji ba. Ta ƙara. Kafin gishiri ya daidaita, kwano ya ƙare.

Daga ranar aka buɗe makaranta. Kullum da safe, kafin ta wuce wurin aiki, Loyis za ta ajiye 'yan kwanoninta, Rahma ta riƙa ɗumamawa ɗaya bayan ɗaya tana kai wa malami ya duba. Faten dankali da hantsi, kunun gyaɗa bayan azahar, da la'asar kifin da ya dahu ya yi luguf. Yarinyar ba ta da kai ko kaɗan. Komai ta dafa sai ya narke, gishiri kuwa kullum da saura. Ga tsirfa: wai kada ya sha ruwa yana ɗanɗano, zai wanke harshe, wai ya tauna sosai don ya gano mata kuskuren. Ta kuma roƙi Rahma kada ta bar shi ya kishingiɗa sai ya gama faɗin gyara. Shi kuwa Datti in ya fara faɗin gyara, sai dai kiran salla ya tsayar da shi.

"Ni dai mijin nan nake tausayi," yakan ce, yana suɗe cokali.

Abinci kuwa, in ka tambaye shi, har yau ba ya ci. Aiki kawai yake yi.

Ranar komawa asibiti ya hau sikeli. Likita ya duba, ya sake dubawa, ya ce maganar roba ta wuce. Daɗi ya kama Datti har ƙwalla ta cika masa ido, Rahma ta juya baya tana share nata.

"Ikon Allah," in ji shi. "Likita, ni fa ban ci komai ba."

"To bari jami'armu mai tsara abincin marasa lafiya ta zo ta yi maka bayanin wannan abin al'ajabi," in ji likita. "Ta ɗan makara ne, ta kai yaranta uku makaranta."

Ƙofa ta buɗe, mai farar riga ta shigo, ta rusuna kamar yadda ta saba kullum da safe.

"Ina kwana, Baba," in ji Loyis. "Ya gishirin jiya?"